Tsohuwar motar gawa ko ta asibiti da tsatsa ta ci: a saya a gyara, ko a nemi lafiyayya?

A Amurka akwai wani rukunin tsofaffin motoci da masu sha'awa ke kira motocin sana'a. Su ne motocin ɗaukar gawa, motocin ɗaukar marasa lafiya, motocin ɗaukar furannin jana'iza da dogayen limuzin, waɗanda aka ƙera a kan shasin ƙaramar mota da aka ƙara wa tsawo. Har ƙungiya gare su, Professional Car Society, wadda aka kafa a 1976. Irin wannan mota takan fito kasuwa da farashin da ke jan hankali, an ajiye ta shekaru a fili, ciyawa ta tsiro a gindin tayoyinta, mai ita kuma yana cewa injin na tashi. Mai saye sai ya tsaya tsakanin abu biyu: ya ɗauki wannan mai araha ya gyara, ko ya ƙara kuɗi ya nemi wadda jikinta ke da lafiya.

Amsar tana ga wurin da tsatsar ta kama, fiye da yawanta. Kafin a gane dalili sai an san yadda aka ƙera motar.

Mota ɗaya, maƙera biyu

Cadillac, kamfanin ƙera motoci na Amurka, ba ta gama waɗannan motoci da kanta ba. Abin da take fitarwa shi ne shasin kasuwanci: dogon firam, inji, giya, bonet, madigadin gaba, dashbod, da wasu kaya irin su bamba da fitilun baya. Tsakanin tayar gaba da ta baya inci 156 ne a motocin 1959 zuwa 1970, wato kusan mita 4. Daga nan sai a kai shasin wani kamfanin ƙera bodi ya gina sauran: Superior a Lima, Miller-Meteor a Piqua, S&S a Cincinnati, dukkansu a jihar Ohio, sai Eureka a Rock Falls ta jihar Illinois. Kamfanin Henney ya yi irin wannan aiki a kan motocin Packard, Flxible a kan Buick, Cotner-Bevington a kan Oldsmobile. A shekarun 1960 shasin da Cadillac ke fitarwa bai kai dubu uku a shekara ba, kuma kamfanoni ne ke raba su, kowa da salon rufinsa da ƙofofinsa da gilasansa. Eureka ya rufe a 1964, Miller-Meteor a 1979.

Ma'anar wannan ga mai gyara a fili take. Daga gilashin gaba zuwa hanci, motar Cadillac ce, kayanta na samuwa. Inji mai girman ciki kubik inci 390 na 1959 zuwa 1963, mai 429 na 1964 zuwa 1967, mai 472 daga 1968, duk ana samun fistin, zobe, gasket da famfon ruwansu. Giyar Turbo Hydra-Matic 400 kuwa kusan kowane tsohon makaniken Amurka ya san cikinta. Amma daga gilashin gaba zuwa ƙofar baya aikin maƙeran bodi ne, da yawa an yi shi da hannu, kuma babu mai buga sabon kwanonsa a yau. Duk abin da ya ruɓe a can sai an ƙera shi daga shimfiɗaɗɗen kwano, ko a yanko shi daga wata motar irinta.

Don haka maganar "injin na tashi" ita ce mafi ƙarancin nauyi a cikin cinikin. Mota mai mataccen inji da lafiyayyen jiki ta fi mai lafiyayyen inji da ruɓaɓɓen rufi nesa ba kusa ba.

Yadda ake duba ta

Ka tafi da tocila mai ƙarfi, sukundireba, ƙaramar guduma, maganaɗisu, tef na awo, da jak da zai iya ɗaukar nauyi, domin motar kan kai tan 3. Idan da hali, ka samu na'urar auna kaurin fenti. Fentin masana'anta siriri ne, bai cika wuce maikiron 200 ba (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya). Inda na'urar ta nuna 1,000 ko fiye, foti ne a ƙasa. Sai dai a yi hattara da abu guda: maƙeran bodi sun yi amfani da darma wajen cike haɗin kwano a ginshiƙai da gefen rufi, kuma maganaɗisu ba ya kama darma. Rashin kamawa a kan haɗi ba lallai ba ne ya zama ha'inci. Rashin kamawa a tsakiyar ƙofa ko ƙasan madigadin baya kuwa alama ce ta an lulluɓe rami.

A fara da firam. Tsatsar sama, wadda ke gogewa ta bar ƙarfe mai kauri, ba komai ba ce. Wadda ke tashi ɓawo-ɓawo kamar shafukan littafi ita ce matsala, domin tsatsa na kumbura ta ninka ƙarfen da ta ci sau da yawa, har ta buɗe haɗin walda. Ka buga da guduma: lafiyayyen ƙarfe na amsawa da ƙara mai tsini, ruɓaɓɓe na yin wata dusashshiyar ƙara, wani lokaci ya zubo da gari. Wuraren da suka fi mutuwa su ne inda firam ya hau kan gatarin baya, maƙalan sifirin na baya (shasin kasuwanci na amfani da sifirin mai ganye, ba mai naɗi ba kamar sauran Cadillac na lokacin), kujerun da bodi ke zama a kai, da cikin rufaffen firam inda laka ke kwana. Ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, hagu da dama. Bambancin da ya wuce milimita 6 na nuna firam ya murɗe ko ya taɓa shan karo.

Cadillac na 1957 zuwa 1964 sun zo da firam mai siffar X, wanda ba shi da dogayen ƙarafa a gefe. A irin waɗannan motoci dokin ƙofa, wato dogon akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, shi ke riƙe gefen bodi. Idan ya ruɓe, tsakiyar mota na sauka. Hanyar ganewa mai sauƙi: buɗe ƙofofin gefe, ka ɗaga ƙarshensu kaɗan, sannan ka rufe. Ƙofar da ke gogar ƙasa, ko wadda tazararta ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, ta gaya maka abin da ke faruwa a ciki. Motar gawa mai loda akwati ta gefe, wadda ƙofofinta ke buɗewa fuska da fuska su bar babban fili, ta fi kowacce saurin nuna wannan rauni.

Rufi shi ne inda ya kamata a fi daɗewa. Yawancin motocin gawa an lulluɓe rufinsu da leda, wasu har da soso a ƙasa. Da ledar ta tsage, ruwa ya shiga, ba ya fita. Ka bi rufin da tafin hannu kana dannawa. Inda ka ji ƙarar abu kamar tsakuwa a ƙarƙashin leda, ko ka ga ƙuraje sun taso, kwanon ya riga ya huje. A duba indararon da ke gefen rufi, gindin ƙarafan ado masu siffar S da ke gefen baya, da kewayen gilashin gaba. Daga ciki a duba silin: tabon ruwa a kai na nufin ƙarafan da ke tallafe da rufin su ma sun sha. Ruwan da ya shiga ta sama yana gangarowa ta cikin ginshiƙai ya taru a gindinsu, shi ya sa ruɓaɓɓen rufi kusan kullum yakan zo da ruɓaɓɓen gindin ginshiƙi. Rufin nan ya kai mita 4 tsawo, mai lanƙwasa ta fuska biyu, kuma babu wata motar da za a ciro irinsa a jikinta sai 'yar uwarta. Faci a tsakiyar irin wannan faffaɗan kwano yana daga cikin ayyukan walda mafiya wuya, domin zafi kaɗan na sa shi ya lotsa, kuma baƙin fenti mai sheƙi ba ya ɓoye ko da ƙaramin tudu.

Daɓen baya yawanci filawud ne a kan ƙarafa, da rola da maƙalan akwati a motar gawa, ko shimfiɗar leda a ta asibiti. Canja filawud aikin kafinta ne, ba shi da wuya. Abin dubawa shi ne ƙarafan da ke ƙarƙashinsa, ramin safayar taya, da matakalar ƙofar baya. Ita ƙofar baya nauyi gare ta, kuma ginshiƙin da ke riƙe hinjinta idan ya ci tsatsa sai ƙofar ta sauka ta daina kama makulli.

Sai gilashi, wanda shi kaɗai yana iya kashe ciniki. Gilashin gaban waɗannan motoci ya fi na Cadillac na gida tsayi, saboda rufin ya fi tudu, don haka na gida ba ya shiga. Gilasan gefe masu shimfiɗa mai yankan gilashi zai yanka sababbi. Masu lanƙwasa na kusurwar baya da na ƙofar baya kuwa na kamfanin bodin ne shi kaɗai, sai an yi dogon cigiya. Haka ƙarafan ado na gefen tagogi, tambarin kamfani, hannayen ƙofa da robobin ƙofa. Motar da tsatsa ta ci amma duk waɗannan suna nan cif ta fi wadda ta fi ta lafiya amma an kwashe mata kaya.

Ta gawa da ta asibiti ba ruɓa ɗaya suke yi ba

Motar gawa takan yi rayuwa mai sauƙi a farkonta: gajerun tafiye-tafiye a hankali, wanki kullum, kwana a gareji. Nisan da ta yi kaɗan ne, amma gajeriyar tafiya ba ta barin inji ya yi zafin da zai ƙone danshi, sai salansa ta ruɓe daga ciki, baƙin mai ya yi kauri. Yawan wanki kuma na tara ruwa a ƙasan ƙofofi idan ramukan fitar ruwa sun toshe. Lalacewarta ta gaske takan fara ne bayan gidan jana'iza ya sayar da ita ta koma kwana a waje.

Ta asibiti ta sha wuya tun daga ranar farko. Ta yi gudu a kan titin da aka watsa wa gishiri lokacin ƙanƙara, injinta ya yi awoyi yana aiki a tsaye, an huda rufinta don fitilu, jiniya da eriya, kuma kowane rami ƙofar ruwa ce. Wayoyinta an yi musu ƙari a kan ƙari. Amma ita ce ta fi daraja a kasuwa, musamman mai dogon rufi da ke ba da tsayin inci 48 ko 54 a ciki, domin an daina ƙera irinta: dokar tarayya ta 1973 kan ayyukan agajin gaggawa da ƙa'idojin da suka biyo baya sun mayar da aikin kan manyan motoci, kuma na ƙarshe a kan shasin Cadillac sun fito a 1979. Wasu dogayen rufin na faiba ne, ba sa tsatsa, sai dai ƙarfen da aka ɗora su a kai yana yi.

Inda motar ta zauna ma yana da tasiri. Wadda ta yi aiki a Ohio, Michigan ko New York ta sha gishiri, ruɓarta daga ƙasa take hawa. Wadda ta fito daga Arizona ko New Mexico rana ta ƙone mata fenti, kujeru da robobi, amma ƙarfenta kan zama garau. Ɗinkin kujera da sabon fenti abu ne da ake iya ƙiyasta kuɗinsa tun kafin a fara. Tsatsa ba a sanin iyakarta sai an buɗe, kuma abin da ke ɓoye kullum ya fi wanda ido ya gani.

Lissafin kuɗi da lokaci

A ɗauki misali don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce gareji na karɓar dala 100 a awa. Sabunta dokin ƙofa ciki da waje a gefe biyu, da daɓen gaba, da ƙasan ƙofofi huɗu, da bakin madigadin baya, duk ta hanyar ƙerawa da hannu, aiki ne na ɗaruruwan awoyi. Awa 400 kawai ta zama dala 40,000, ba a taɓa rufi ba, ba a sayi fenti ba, ba a kai bamba wurin kurom ba. Idan bambancin farashi tsakanin ruɓaɓɓiyar mota da lafiyayya dala 10,000 ne, wannan kuɗin aikin awa 100 ne kacal, abin da ba zai gama ko gefe ɗaya ba. Ga wanda zai biya wani ya yi masa walda, lafiyayyar ce mai araha, kusan a kowane hali.

Kasuwa kuma ba ta mayar da kuɗin. Motar gawa da aka gyara tsaf yawanci ba ta kai farashin Cadillac mai buɗaɗɗen rufi ta shekara ɗaya da ita ba, alhali ta fi ta cin fenti, kwano da awoyi. Masu neman ta kaɗan ne, ba kowa ke da wurin ajiye ta ba, ba kowane gida ne kuma zai yarda a faka ta a ƙofarsa ba. Inda kwalliya ke iya biyan kuɗin sabulu shi ne 'yan tsirarun da ake rububi: na 1959, musamman Miller-Meteor wadda fim ɗin Ghostbusters na 1984 ya sa ta yi suna, motocin furanni da ba a ƙera da yawa ba, Packard na Henney, da motocin asibiti masu dogon rufi da kayan aikinsu cikakku. A irin waɗannan, sau da yawa babu lafiyayyar da za a saya a madadin, don haka gyaran ruɓaɓɓiya shi ne kaɗai hanya, kuma ceto ta daga injin niƙe ƙarfe abu ne mai daraja a kan kansa.

Ga wanda ya iya walda da bugun kwano da kansa, lissafin na sauyawa, domin kwano da waya da gas ba su da tsada idan aka gwada da ladan aiki. Abin da zai biya shi ne shekaru da wuri. Motar ta haura mita 6 tsawo, ba ta shiga garejin gida da yawa, kuma mai dogon rufi da fitila a kai na iya fin ƙofar gareji mai ƙafa 7. Idan za a raba bodi da firam, ana bukatar filin mota biyu, da na'urar ɗagawa da aka tabbatar tana ɗaukar wannan nauyi da wannan tsawo.

Idan an yanke shawarar gyarawa

Kafin a yanke ko da inci ɗaya, a ɗauki hoton komai, a auna tazarar ƙofofi a rubuta, a cire gilasai a ajiye su a tsaye cikin akwatin katako. Sannan a ɗaure bodin daga ciki da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 25, a gicciye da kuma a bakin kowace ƙofa. Wanda ya tsallake wannan ya yanke dokin ƙofa, bodin zai motsa, kuma ƙofofin ba za su sake zama daidai ba. A bar ƙofofi a kan hinjinsu lokacin da ake haɗa sabon ƙarfe, su ne ma'auni. A gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, don a samu abin kwaikwayo.

Tsarin aikin daga ƙasa yake hawa: firam, kujerun bodi, dokin ƙofa na ciki, daɓe, gindin ginshiƙai, sannan kwanon waje. A yanke har sai an kai ƙarfe mai haske da cikakken kauri, santimita 3 zuwa 5 bayan inda tsatsa ta tsaya. Kwano mai milimita 0.9 zuwa 1.2 na fatar waje da daɓe, mai 1.5 na sassan da ke ɗaukar nauyi, mai kusan 3 na firam. Injin walda na MIG da waya mai milimita 0.6 da gas mai kashi 75 agon, 25 kabon dayoksaid shi ya fi dacewa da siririn kwano. A haɗa baki da baki, ɗigo nan ɗigo can, ana barin wuri ya huce. Ɗora sabon kwano a kan tsoho na barin aljihun da danshi zai kwana, tsatsar ta dawo cikin 'yan shekaru. Feshin yashi ya dace da firam, amma a kan rufi da ƙofofi yana lanƙwasa kwano, can sai maganin cire fenti ko injin gurza mai sauƙi. Da ƙarfe ya fito tsirara a rufe shi da fentin farko mai ifoksi a ranar, a ƙarshe kuma a fesa kakin hana tsatsa cikin duk wani rufaffen akwati.

Kada a ɗauka kayan ƙasa duk na Cadillac na gida ne. Birki, sifirin da wili na shasin kasuwanci sun fi ƙarfi, farfela da salansa da bututun birki sun fi tsawo. Bututun birki da na mai a sabunta su gaba ɗaya, ba a yi musu faci. A kuma kula da lafiya: gurza darma da tsohon fenti na tayar da ƙura mai guba, tsofaffin takalman birki na iya ɗauke da asbestos, motar da ta daɗe a ajiye kuma cike take da kashin ɓera. Abin rufe hanci mai matata ta gaske da safar hannu wajibi ne.

Akwai hanya ta uku da masu wannan harka ke yawan bi, wato haɗa mota biyu su zama ɗaya: lafiyayyen jiki mara kaya, da ruɓaɓɓiya mai cikakkun gilasai da kayan ado. Nan ne ruɓaɓɓiyar ke da amfani ko da ba za ta sake hawa titi ba. Sharaɗin shi ne su fito daga kamfanin bodi ɗaya da zubi ɗaya, misali 1965 zuwa 1970 ko 1971 zuwa 1976, domin ƙofar Superior ba ta shiga Miller-Meteor ko da shekararsu ɗaya. Cadillac ta gida kuwa hanci, inji da wasu kayan dashbod kawai za ta bayar.

A taƙaice ga mai tsaye gaban motar: tsatsa a madigadin gaba, bonet, daɓen direba da ƙasan ƙofofi, tare da lafiyayyen firam da rufi da cikakkun gilasai, wannan a saya. Ruɓaɓɓen dokin ƙofa da gindin ginshiƙai, sai in mutum zai yi waldar da hannunsa ko motar na cikin waɗanda ba a samu. Firam mai ɓawo tare da hujajjen rufi a mota irin ta gama-gari ta shekarun 1970, wannan a yi mata farashin kayan gyara kawai.

Kafin kuɗi ya fita a nemi takardar mallaka, a gwada lambar da ke kanta da lambar Cadillac da ke jikin motar, a kuma nemi farantin kamfanin bodi mai ɗauke da nasa lambar, domin da shi ake gane ainihin samfurin lokacin cigiyar kaya. Jihohin Amurka sun bambanta wajen yi wa tsohuwar mota mara takarda rajista, haka kuma wajen dokar jan fitila da jiniya a motar da ba ta aikin agaji, sai a tambayi ofishin rajistar motoci na jihar tun kafin a turo motar ɗauko ta. Ita ma motar ɗaukowar a gaya wa mai ita tsawo da nauyi tun farko, kuma kada a ɗaure sarƙar ja a jikin firam ɗin da ba a riga an gwada da guduma ba.